Shaida Ba Ya Zama Alƙali: Martani ga Mai Neman a Karɓe Sitiyari Daga Matuƙin Jirgi

Wata maƙala ta zo hannunmu a nan Kebbe, wadda wani malami ɗan'uwanmu daga Tambuwal ya rubuta, mutumin da muke girmama ilminsa da kyawun niyyarsa, inda ya waiwayi musibar da ta auka wa ƙasar Sakkwato ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006, ranar da jirgin kamfanin ADC ya faɗi a Tungar Madaki jim kaɗan da tashinsa daga Abuja, Allah ya karɓi ran Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido tare da ɗansa Sanata Badamasi Maccido, da Sanata Sule Yari Gandi, da Mataimakin Gwamna Alhaji Garba Muhammad, da sauran bayin Allah, mutum 96 cikin 105 da ke cikin jirgin. Allah ya jiƙansu da rahama. Daga wannan waƙi'a Malam ya ciro hukunci guda, cewa tun da binciken hukuma ya tabbatar hannun matuƙi ne ya kuskure a lokacin da aka fi bukatarsa, to maslahar matafiya ita ce a karɓe iko daga ɗan Adam duk sa'ad da jirgi ya shiga larura, a danƙa shi ga kwamfuta, wadda ba ta firgita, ba ta gajiya, ba ta kuma gaggawar isa gida. Na yarda da muƙaddimarsa, domin hannu ya kuskure a ranar, babu mai musun wannan. Natijar da ya gina a kanta ce nake ganin ba ta tsaya da ƙafafunta ba.

Kafin a yanke wa hannu hukunci, wajibi ne mai karatu ya san aikin da aka ɗora masa. Jirgi ba ya tsayuwa a sama sai da iskar da ke gudana a kan fukafukansa, kuma ɗaukar da iskar ke yi masa tana rataye da abu biyu, wato saurin gudanarta da kuma kusurwar da fiffike ya tare ta da ita. Idan matuƙi ya jawo sitiyari wajen ƙirjinsa, ƙananan fukafukan wutsiya za su motsa, hancin jirgi ya ɗaga, ɗaukar iska ta ƙaru. Amma wannan ƙari yana da haddi, wanda idan aka ƙetare shi sai iskar ta rabu da bayan fiffike ta hargitse, jirgi ya fara nitsewa alhali hancinsa yana kallon sama, injinansa kuma suna ruri. Saboda haɗarin wannan haddi ne masu ƙera jiragen Boeing suka sanya wata na'ura da ke girgiza sitiyari a hannun matuƙi idan ya kusanto shi. Maganin wannan hali kuwa ya saɓa wa ɗabi'ar kowane mai rai, domin sai matuƙi ya sassauta, ya sauke hanci wajen ƙasar nan da yake tsoro, kafin iska ta sake kama fiffike.

Abin da ya tare jirgin Sarkin Musulmi a ranar, iska ce irin wadda kowane manomin Kebbe ya sani, wadda ke riga hadari isowa ta kwashe jinka ta karya reshe. Sanyayyar iska ce ke rikitowa daga cikin gajimare, ta bugi ƙasa, ta watsu ta kowace fuska. Jirgin da ya ratsa ta yana tasowa zai fara gamuwa da ita ta gabansa, sai ma'aunin gudu ya nuna ƙari, kamar alheri ne ya samu; bayan 'yan sakanni sai ta danna shi daga bisa, sa'an nan ta juyo ta bayansa ta ƙwace gudun da ta ara masa har da wanda ya zo da shi. Ƙa'idar fita daga wannan tarko sananniya ce a rubuce: a ba injina wuta har iyakarta ba tare da jinkiri ba, a ɗaga hanci zuwa kimanin digiri 15, kada a taɓa tayoyi ko maƙallan fiffike, kuma da zarar sitiyari ya fara karkarwa a sassauta kaɗan. Rahoton hukumar binciken hatsarin jiragen sama ta Najeriya ya nuna cewa wanda ke tuƙi wuta kaɗan ya ƙara, ya jawo sitiyari har hanci ya kai digiri 30 zuwa 35, abokin aikinsa kuma yana kira da a ƙara ɗagawa. Tsananin miƙewar ya hana iska shiga injinan biyu yadda ya kamata, ƙarfinsu ya yanke na ɗan lokaci, jirgi ya kife ta hagu ya faɗi, bai cika minti biyu a sama ba.

Har zuwa nan ni da Malam bakinmu ɗaya. Inda muka rabu shi ne, ya karanta rabin rahoton ya rufe, alhali a rabin da ya bari ne illar take. Hukumar ta ce na'urar kwaikwayon jirgi da aka maimaita wa matuƙan horo a cikinta ba ta dace da koyar da fita daga juyin iska ba. Ta ce kamfanin ba shi da rubutacciyar ƙa'idar aiki ta lokacin munin yanayi. Ta ce kuma rabon aiki tsakanin mutanen biyu da ke gaba bai tafi bisa tsarin da aka sani ba. Kafin duk wannan akwai shawarar tashi, bayan an sanar da su halin iska, wasu jiragen kuma sun zaɓi su dakata. To, mutumin da ba a taɓa sa hannunsa ya maimaita wani aiki ba har ya zame masa jiki, aka jefa shi cikin wannan hali ƙasa tana taso masa, me za a tsammata daga gare shi in ba abin da ɗabi'a ta hukunta ba? Duk wanda ya taɓa hawa ya san cewa idan doki ya razana, sabon mahayi fizgar linzami yake yi da iyakar ƙarfinsa, sai dokin ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya ya kayar da shi, tsohon mahayi kuwa wanda shekaru suka hore hannunsa sassautawa yake yi ya mayar da shi hanya. Kuma ba mu taɓa jin wani mai hankali ya ce maganin faɗuwar mahaya shi ne a tsinke linzami ba.

Tarihi ma ya goyi bayan wannan fahimta. Wannan iska ta kashe mutane da dama a Amurka kafin a san haƙiƙaninta, har wani masani ɗan asalin Japan mai suna Tetsuya Fujita, na Jami'ar Shikago, ya bayyana siffarta. Bayan faɗuwar jirgin Delta a Dalas ranar 2 ga Agusta 1985, wanda ya ci rayuka fiye da 130, hukumomin ƙasar ba su karɓe sitiyari daga matuƙa ba. Sun tsara darasin fita daga juyin iska suka sa a riƙa maimaita shi a na'urar kwaikwayo, suka kafa ma'aunai a filayen jirage, suka wajabta na'urar gargaɗi a cikin jiragen kansu, hatsarin kuwa ya ragu ƙwarai da gaske. Ilmin da zai iya zama sababin tsirar mutanenmu a 2006 ya kusa shekara ashirin a duniya kafin ranar. Abin da ya ƙi faruwa shi ne isarsa ga hannun waɗancan mutum biyu.

Kada Malam ya ɗauka ina ƙin na'ura. Insafi ya tilasta mini in faɗi cewa na'urori sun tsirar da dubban rayuka, kamar wadda ke kururuwa idan jirgi ya nufi dutse cikin hazo, da wadda ke hana jirage biyu karo a sama. Har ma ina da hujjar da ta fi tasa ƙarfi a kan bukatarsu, kuma hujja ce da ta shafi gidajenmu. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgi samfurin DC-8, na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke yi wa Nigeria Airways jigilar alhazai, ya taso daga Jidda ya nufo Sakkwato da fasinja 247 da ma'aikata 14. An san wasu tayoyinsa ba su da cikakkiyar iska, amma aka ƙi tsayawa a cika su don gudun jinkiri. Yana cikin gudu a kan titi tayoyi biyu suka fashe, ƙarfe ya riƙa gugar kwalta har wuta ta kama, matuƙa ba su sani ba, domin babu wata na'urar da za ta faɗa musu akwai wuta a wurin. Suka naɗe tayoyin kamar yadda aka saba, suka shigar da gobara cikin cikin jirgi da hannunsu, ta cinye bututun man da ke motsa fukafukai da wayoyin sarrafawa da daɓen da alhazai ke zaune a kai. Duk da haka suka lallaɓo shi suka juyo, suka saito shi da titi, ya faɗi saura kimanin kilomita uku, babu wanda ya tsira cikin mutum 261. Da a ce akwai ma'aunin zafi a ramin tayar nan, da wataƙila hannun da ya naɗe ta bai naɗe ba. Wannan ita ce na'urar da nake nema, mai gani ta faɗa. Matsayinta matsayin shaida ne a gaban alƙali: a saurare ta, a ƙara yawanta, a tantance adalcinta. Abin da Malam ke nema shi ne a tayar da alƙali daga buzunsa a zaunar da shaida, kuma wannan ne na ƙi.

Dalilin ƙin kuwa shi ne, kwamfuta ba ta ganin sama da idonta. Abin da ma'aunai suka gaya mata shi take gini a kai, ma'auni kuwa yana toshewa, yana karyewa, yana faɗin abin da ba haka ba. Malam ya kafa hujja da jirgin Air France da ya faɗa tekun Atilantika ranar 1 ga Yuni 2009 a hanyarsa daga Riyo zuwa Paris da mutum 228, yana cewa ga wani matuƙin da ya jawo sitiyari har ya halaka jama'a. Gaskiya ne ya jawo, jirgin kuma ya rikito daga kimanin ƙafa 38,000 cikin minti uku da rabi. Amma wa ya miƙa masa tuƙin? Ƙanƙara ce ta toshe bututun auna gudu, kwamfutar ta rasa abin dogaro, ta saki jirgin cikin duhun dare da hadari, ta kuma janye kariyar da ta saba bayarwa daga wuce haddin fiffike. Masu binciken Faransa, bayan an tsamo baƙin akwati daga ƙarƙashin teku a 2011, sun ambaci cewa ba a horar da matuƙan nan tuƙi da hannu a irin wannan nisa ba. Hujjar Malam ke nan ta koma kansa: a sa'ar da ya ce a dogara da na'ura, a sa'ar ce ta ajiye amana ta janye, ta bar ta ga hannun da dogon dogaro da ita ya riga ya raunana.

Wanda ya fi wannan muni shi ne inda na'urar ba ta saki ba. Abin da Malam ke shawarta an riga an jarraba wani yanki nasa a jirgin Boeing 737 MAX, inda aka dasa wani tsari mai suna MCAS, aka ba shi ikon danna hancin jirgi ƙasa da kansa idan ya ga kusurwa ta yi yawa, aka kuma jingina hukuncinsa ga ma'auni guda tak, ba a ma sanar da matuƙa samuwarsa ba da farko. Ranar 29 ga Oktoba 2018 jirgin Lion Air ya faɗa teku kusa da Jakarta da mutum 189, bayan matuƙinsa ya yi ta jawo hanci na'ura tana mayarwa, sau da yawa. Ranar 10 ga Maris 2019 jirgin Habasha ya faɗi kusa da Bishoftu minti shida da barin Adis Ababa, da mutum 157, cikinsu har da 'yan Najeriya biyu, Farfesa Pius Adesanmi da Jakada Abiodun Bashua. Matuƙan Habasha sun gane abin da ke faruwa, sun kashe wutar da ke motsa wutsiya kamar yadda aka umarta bayan hatsarin farko, suka koma ga ƙafar juyawa ta hannu, sai ta gagare su saboda tsananin gudun jirgin, domin sun bar injina a kan wutar tashi. Da suka mayar da wutar don neman taimako, na'urar ta sake dannawa. Ban wanke su daga kowane kuskure ba, amma wane ɗalibin fiƙihu ne bai san cewa ba a zartar da babban hukunci da shaidar mutum guda ba, balle shaidan da ba a tantance ba? Mutum 346 suka tafi, aka dakatar da jirgin a duniya kimanin wata ashirin, gyaran da aka yi kuwa shi ne a sa tsarin ya gwama ma'aunai biyu, ya yi aiki sau ɗaya kawai, kada kuma ƙarfinsa ya rinjayi abin da matuƙi zai iya mayarwa da sitiyari. Masana duniya, bayan sun ga gawawwaki, hukuncin da suka yanke shi ne kishiyar na Malam.

Akwai kuma larurar da babu wanda ya rubuta wa kwamfuta yadda za ta yi da ita, domin babu wanda ya zaci za ta auku. Ranar 19 ga Yuli 1989 injin wutsiyar wani DC-10 na kamfanin United ya tarwatse a sama, gutsattsarinsa suka yanke dukkan bututun mai guda uku da ke motsa fukafukai, sitiyari ya zama ƙarfe kawai marar amfani. Kyaftin Al Haynes da abokan aikinsa, tare da wani malamin matuƙa mai suna Dennis Fitch wanda ya taso daga cikin fasinja ya ba da kansa, suka riƙa tuƙa jirgin da totur na injina biyun da suka rage, a ƙara wa na dama wuta a rage wa na hagu don a juya, a ƙara wa duka biyu don hanci ya ɗaga, har suka kai shi filin Sioux City. Ya kife wajen sauka, amma mutum 184 cikin 296 suka rayu. Wannan ijtihadi ne a inda babu nassi, kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Shawara ce ta mutum huɗu, babba yana sauraren ƙarami, abin da aka rasa a jirgin Abuja. Haka nan da Kyaftin Sullenberger ya sauke Airbus a kogin Hudson ranar 15 ga Janairu 2009 bayan tsuntsaye sun kashe injinansa biyu, mutum 155 suka fita da rai, kwamfutar jirgin ta taimaka wajen tsare fiffike daga wuce haddi, wannan gaskiya ne. Zaɓen kogi a kan komawa fili kuwa, mutum ne ya yi shi cikin 'yan sakanni.

Sauran magana guda, wadda nake mamakin yadda ta kuɓuce wa malami irinsa, ita ce mas'alar amana da lamuni. Malamanmu na Malikiyya, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani da ake karantawa a zaurukanmu, sun bayyana hukuncin mai jirgin ruwa, cewa ba a ɗora masa lamunin abin da ya halaka, amma ba shi da kuɗin haya sai ya isar. Masu sharhi kuma suka taƙaita ɗauke lamunin ga inda babu sakaci ko ƙetare iyaka. Duk wannan tafsili yana tsayuwa ne saboda akwai mukallafi a bakin aiki, mai hankali da zaɓi, wanda za a tambaya a duniya a kuma tambaya a gobe ƙiyama, wanda ransa ma yana cikin jirgin tare da na jama'a. Idan aka miƙa hukunci ga na'ura, alhakin bai ɓace ba, ya dai koma ga wasu mutane da ke zaune a ofis a wata nahiya, waɗanda ba za su taɓa jin karkarwar sitiyarin ba, kuma iyalan mamatan Habasha sun ga irin shekarun da ake ɗauka kafin a kamo bakin zaren irin wannan alhaki. Mun yi imani ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma abin da ya sami Sarkin Musulmi da alhazan 1991 rubutacce ne; amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai sana'a wajabcin kyautata sana'arsa ba, bai kuma ɗauke wa hukuma wajabcin bincikarsa ba.

Kowace shekara maniyyatanmu suna barin Kebbe da Kuchi da ƙauyukan da ke kewaye, su bi ta Tambuwal zuwa sansanin alhazai a Sakkwato, su hau jirgi a filin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, mafi yawansu ba su taɓa ganin cikin jirgi ba kafin ranar, kuma ba su da ikon tambayar kowa kome. Saboda su nake roƙon Malam ya mayar da alƙalaminsa, wanda ya fi nawa isa, ga abin da za a iya samu. Ya tambayi hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, da ta Jihar Sakkwato, da wakilinmu na mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai, cewa kafin a ba kowane kamfani jigilar mutanenmu, a ga takardar da ke nuna yaushe matuƙansa suka maimaita fita daga juyin iska da farfaɗo da jirgin da fiffikensa ya saki, a kuma wace irin na'urar kwaikwayo. A tabbatar kamfanin yana da rubutacciyar ƙa'ida ta munin yanayi. A tabbatar kuma matuƙin da ya ce ba zai tashi ba sai hadari ya wuce, ko makanikin da ya ce sai an cika taya, babu wanda zai tsangwame shi, ko da manya na zaune a ciki suna jira. Idan Malam ya rubuta wannan takarda, ni ne farkon wanda zai sa hannu a ƙarƙashin sunansa.